Ruwan Inna Delu

A Unguwar Mantau, can bayan Shanono, inda gonaki suka matse juna har akuya ba ta iya kwanciya ba ta taɓa iyakar wani ba, gidajen Kiristoci ba su taka kara sun karya ba, amma Allah ya albarkace su da coci biyu. Ɗaya na Fada, ɗaya na Fasto. Abin da ya raba su bishiyar ɗorawa ce da wata 'yar gonar rogo, sai kuma wata magana da ta girmi kowa a unguwar. A cocin Fada ana zuba wa jariri ruwa a ka, a ce an yi masa baftisma, ya zama Kirista. A cocin Fasto kuwa sai mutum ya girma, ya buɗe baki ya ce ya gaskata, sannan a kai shi rafi a dulmiya shi gaba ɗaya har ya fito yana tari. Musulmin da suka kewaye su ta ko'ina ba su san da wannan bambanci ba, ba su kuma nemi sani ba. A wurinsu duka 'yan mishan ne. Su kaɗai ne a ƙasar nan suka taɓa kallon Kiristocin Unguwar Mantau a matsayin abu ɗaya.

Inna Delu ta ɗanɗana ruwan duka biyun. Tana yarinya, lokacin ubanta bai daɗe da barin tsafin kakanninsa ba, wani Fada Bature, dogo mai jan wuya, ya zo a kan babur ya zuba mata ruwa daga butar shayi, ya raɗa mata suna Filomina, sunan da daga shi babu wanda ya ƙara kiranta da shi. Da ta yi aure a gidan mutanen Fasto, aka ce wancan ruwan bai isa ba, aka kai ta rafi aka nutsar. Ba ta yi gardama ba. Amarya ce, kuma ana zafi.

Abu ɗaya ta riƙe daga wurin Baturen. Ya taɓa tara su ƙarƙashin ɗorawar, ya gaya musu da Hausarsa mai tuntuɓe cewa idan jariri zai mutu babu Fada a kusa, kowa na iya zuba masa ruwa ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko da mace ce. Kada a bar shi ya tafi haka nan, in ji shi, kamar akuyar da ba a tsaga wa kunne ba, wadda in ta ɓace babu mai fitowa ya ce tasa ce. Wannan misali ya zauna a ran Delu daram, don ta san akuya.

Daga baya ta gaji ungozomanci a hannun uwar mijinta, ta yi ta karɓar haihuwa har gashinta ya yi fari. Kowace ungozoma ta san dabarun jaririn da ya fito shiru: a riƙe shi ta ƙafa a ɗan mare shi, a buga kwano kusa da kunnensa, a watsa masa ruwan randa mai sanyi. Delu duk tana yi, sai dai in ta zo kan ruwan, leɓenta kan motsa. Matan da ke ɗakin sun ɗauka addu'a ce, daga baya kuma suka ɗauka tsufa ne. In gidan Musulmi aka kira ta, ruwa kawai take watsawa, bakinta a rufe. Ta ce waɗannan da mai su, ba ta shiga gonar wani.

Ɗa guda ya rage mata a duniya, Nababa, dattijon ikkilisiya a cocin Fasto, mutum mai son a ga rigarsa a goge ranar Lahadi. Matarsa Rifkatu ta haihu sau biyu, duka biyun suka zo shiru suka koma shiru. Delu ta samu ta zuba wa kowannensu ruwa kafin jikinsa ya yi sanyi, saboda haka ta yi kukansu kamar kowa, amma ba ta taɓa rasa barci a kansu ba. Ta san inda suke. Yanzu ga ciki na uku ya fito, Delu tana kallonsa kamar yadda manomi ke kallon gabas a farkon damina. Ba ta roƙi Allah abu mai yawa ba. Ta ce dai ranar da Rifkatu za ta durƙusa, ya sa tana cikin ɗakin.

Bayan bikin Ista, a tsakiyar zafin bazara, saƙo ya zo daga birni cewa manya sun yanke shawara Kiristoci su haɗa kai. Aka sa rana, aka kafa rumfa a gindin ɗorawar, aka kwaso bencina daga coci biyun. An ɗan yi cacar baki a kan na wa za su zauna gaba, har sai da wani mai hikima ya ce a cakuɗa su. Baƙi suka iso da hantsi. Ga Fada Ejike, ɗan ƙabilar Ibo, wanda ke zuwa unguwar sau ɗaya a wata. Ga wani Rabaran Oyeleke, Bayarabe mai ƙaton ciki da murya kamar ganga, shi ne babban mai wa'azi. Ga kuma wata Baturiya da malafa da abin ɗaukar hoto, wadda aka ce ƙungiyarsu ce ta sayi lemon kwalba. Fasto Sama'ilu, matashi mai takardar makarantar tauhidi da sabon babur, shi ne mai masauki.

Rabaran ya yi wa'azi da Turanci, tafinta na juyawa. Ya nuna Fada, ya nuna Baturiya, ya nuna kansa, ya nuna jama'a. Ya ce ku duba, ga Ibo, ga Bayarabe, ga Baturiya, ga Bahaushe, fata daban, harshe daban, amma ruwa ɗaya ya wanke mu. Ko daga ƙoƙo aka zuba shi, ko a kogi aka shiga, ko hannun wa ya zuba, Allah ba ya duban hannu, ba ya auna yawan ruwa. Tafinta ya ƙara masa da tsintsiya maɗaurinki ɗaya, don ya ga Rabaran ya manta. Fasto Sama'ilu ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. Shi da Fada suka rungumi juna, sannan suka sake rungumar juna, don na farkon bai fito a hoto ba.

Delu tana zaune cikin zumuntar mata. Shekara da shekaru tana yin abinta a ɓoye kamar mai satar gyaɗa, ashe manya duk sun sani, ashe ra'ayinsu ke nan. Da aka ce mai shaida ya fito, sai ta ga ƙafafunta sun kai ta gaban rumfa.

"Ku yabi Ubangiji," in ji ta.

"Halleluya!"

"Ni ban yi karatu ba. Amma abin da baƙon nan ya faɗa gaskiya ne, ni shaida ce. Duk ɗan da ya faɗo hannuna a gidajenmu bai yi kuka ba, sai na yi masa baftisma kafin in yanke cibiya. Ban taɓa tambayar cocin ubansa ba, don babu lokaci. Wasu sun tafi, Allah ya karɓi abinsa. Wasu ga su nan zaune." Ta juya tana nema da ido, fuskarta fal murna. "Arzika mai ba da waƙa, kai ka fito laƙwas kamar tsumma, uwarka tana nan, ta faɗa. Ku tagwayen gidan Bawa, ku duka biyu. Nababa ma, ni da kaina na zuba masa, ina kan gwiwa, babu kowa a ɗakin. To ga shi yau an ce ruwa ɗaya ne. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana."

Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan ɗorawa. Baturiya ta karkata ta tambayi tafinta me tsohuwar ta ce. Tafinta, wanda yake son a sake gayyatarsa baɗi, ya ce tana gode wa Allah ne saboda 'ya'ya. Baturiya ta tafa ita kaɗai, ta ɗauki Delu hoto.

Ana tashi, Malam Tunau, katikis mai koyar da addini a cocin Fada, ya tari Nababa a bakin rumfa, yana washe baki.

"Dattijo! Ashe namu ne tun ranar gini! Ranar Lahadi a zo da wuri, na ajiye maka benci na gaba."

"Tunau, ka kiyaye ni."

"Ka zo da Arzika, mu ma muna neman mai waƙa. Kayanmu ne kuka riƙe shekara da shekaru, ko ladan kiwo ba za mu hana ku ba."

Mata suka kwashe da dariya, har da na cocin Fasto, suna rufe baki da gefen zane. Nababa ya wuce kamar wanda aka watsa wa ruwan zafi.

Washegari aka kira Delu gaban dattawa. An mayar da bencina kowa cocinsa, an rushe rumfar. Fasto Sama'ilu yana zaune a tsakiya, Nababa a damansa, idonsa a kan siminti.

"Mama," in ji Fasto, "kin san koyarwar ikkilisiyarmu. Ba a yi wa jariri baftisma. Mace kuma ba ta yi wa kowa."

"Jiya ka ce amin."

"Jiya taro ne, Mama. Yau coci ce."

"To shi baƙon ƙarya ya yi?"

"Baƙo ne. Ba a ƙaryata baƙo a gaban jama'a."

Delu ta juya wannan a ranta. Ta san ladabin baƙo, ita ma ta sha yaba miyar da ba ta haɗiyuwa. Abin da ba ta sani ba shi ne har maganar Allah ana yi mata haka.

Hukuncin bai ɗau lokaci ba, don an riga an dafa shi kafin a kira ta. Za ta shiga horo: ta koma bencin ƙarshe na bakin ƙofa, ba za ta kusanci teburin coci ta ci gurasar Jibin Ubangiji ba, kuma ba za ta ƙara shiga ɗakin haihuwar matar wani ɗan ikkilisiya ba, sai ranar da ta tsaya gaban jama'a ta ce ta tuba, ta kuma yi alkawarin ba za ta sake ba. Nababa aka ba ya faɗi hukuncin, don a nuna wa duniya cewa ikkilisiya ba ta san uwa ba.

"Benci ba komai," in ji Delu. "Can ma an fi samun iska. Amma alkawari ba zan iya ba. In yaro ya fito shiru, hannuna ba ya shawara da ni." Ta dubi ɗanta. "Har da ɗakin Rifkatu?"

Nababa bai ɗago ba. Fasto ne ya amsa. "Shi ne ma na farko, Mama. Gidan dattijo ne. Daga nan ake koyi."

Da Fada Ejike ya zo a watan da ya biyo, Delu ta tsallaka gonar rogo ta same shi, karo na farko tun tana budurwa. Ya karɓe ta hannu biyu. Ya ce abin da ta yi daidai ne, ruwanta ruwa ne, babu Fadan da zai sake zuba wa waɗannan yara wani. Ta ce to ya je ya gaya wa Fasto. Nan Fada ya gyara zama. Ya ce haɗin kan nan jariri ne, jiya-jiya aka haife shi, bai kamata a girgiza shi ba. Sannan ya ƙara da cewa, tun da ita kanta ta shiga rafi bayan ruwanta na fari, in tana son ta kusanci teburin Jibinsu sai ta zauna ajin Malam Tunau tukuna, tare da yara. Haka Delu ta dawo gida ta tarar a cikin wata guda ta rasa tebur biyu, ita da ta je neman ƙofa ɗaya.

A gida Nababa ya yi ta lallashi. Yakan zo da yamma ya tsuguna a bakin ɗakinta tana tsince wake.

"Inna, ki ce kin tuba kawai. Kalma ce."

"Kalma ce na faɗa a kanka kai ma."

"Yara suna bina suna ce mini ɗan Fada. A kasuwar Shanono ma an ji. Fasto ya ce in aka kuskura aka sake a gidana, sauke ni za a yi."

"Su sauke ka mana. A kan me kake?"

"Inna!"

"Cikin nan ya sauka ƙasa, Nababa. Ka dube shi da kyau. Irin na baya ne."

Ya tashi ya bar mata waken.

Tun da babu wata ungozoma a cikin Kiristocin unguwar, dattawa suka zauna suka nemi mafita, suka kuma samu. Aka ce a kira Hafsatu ta ƙauyen gaba, Musulma, mai azumin Litinin da Alhamis. Kowa ya yarda ita ce ta fi dacewa, don an tabbata ba za ta mayar da ɗan kowa Kirista ba. Hafsatu ba ta karɓa ba sai da ta zo ta sami Delu, don tare suka tsufa a sana'ar, sun sha karɓar wa juna haihuwa mai gardama.

"Yaya Delu, me kika yi wa mutanenki?"

"Ruwa na zuba."

"Ikon Allah. Ai ni ma ina zubawa."

"Naki ba ya magana."

Hafsatu ta riƙe haɓa. "Ni fa na ɗauka ku duka abu ɗaya ne."

"Ni ma an gaya mini haka," in ji Delu. "Ki zo abinki. In ta durƙusa, ki lura da cibiya, tana naɗe musu wuya."

Naƙudar ta zo da damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu. An kwana ana ruwa, rafin da ake nutsar da masu bi ya cika ya batse har ya shanye hanyar Shanono, babu babur ɗin da zai tsallaka da mai ciki zuwa asibiti. Da hantsi Hafsatu ta iso, zanenta jiƙe har gwiwa, ta shiga ɗakin. Matar Fasto ta bi ta, wai don ta taimaka da addu'a. Ba ta rufe ido ba ko sau ɗaya a addu'ar.

Aka kira Nababa daga gona. A al'ada, namiji in matarsa na kan gwiwa sai ya nemi zaure ko gindin bishiya ya zauna yana zare ido. Nababa ya jingine fartanyarsa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya zama namiji na farko a tarihin Unguwar Mantau da ya yi gadin haihuwa. Matan maƙwabta suka jeru a bayan danga, kawunansu kawai ake gani.

Delu ta kifa turmi a tsakar gida kusa da randa ta zauna. Ba ta buƙatar ido. Ta ji nishin Rifkatu yana hawa, ta ji muryar Hafsatu tana cewa yunƙura, 'yata, yunƙura, saura kaɗan. Ta ji ƙarar da mace ke yi sau ɗaya tak, ta ƙarshe. Sannan ta ji abin da ta fi kowa sani a duniya, wato shirun nan.

Ta ji mari. Ta ji wani marin. Sai kwano ya fara ƙara, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ba ta san lokacin da ta buɗe randa ta cika ƙoƙo ba. Ta ga kanta dai a gaban ɗanta.

"Matsa."

"Inna, don Allah."

"Yaya Delu!" Muryar Hafsatu ce daga ciki. "Yana ɗan numfashi, kaɗan-kaɗan! Zo ki gani!"

"Ba za ta shigo ba," in ji matar Fasto. "Dattijo, kana ji."

"Inna, Hafsatu ta iya," in ji Nababa.

"Na san ta iya. Ta fi ni hannu. Matsa, Nababa."

Bai taɓa ta ba. Ba za a ce ya ture uwarsa ba, kuma daga baya an yaba masa a kan haka. Ya dai buɗe hannuwansa ya riƙe gefen ƙofa biyu, hawaye na gangaro masa har cikin gemu. Delu ta gwada ta ƙarƙashin hammatarsa, ya sauke gwiwar hannu. Tsohuwa ce, shi kuwa manomi.

Sai ta miƙa masa ƙoƙon.

"To kai shiga. Ɗanka ne. Kowa na iya yi. Ka zuba masa a goshi ka ambaci sunayen nan uku, ka san su, kullum kana faɗinsu. Babu wanda ya hana ka shiga."

Nababa ya dubi ruwan. Ya daɗe yana dubansa, har Delu ta ga yatsun hannunsa na dama sun fara sakin itacen ƙofa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi danga, inda kawunan nan suke jere, kowanne da baki. Yatsun suka koma inda suke.

Kwanon ya ci gaba da ƙara, yana raguwa. Sai ya tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hafsatu. Daga can ƙasa Rifkatu ta fara wani irin kuka marar ƙarfi.

Delu ta tsaya da ƙoƙo a hannu. Ta juya ta mayar da ruwan cikin randa, ta rufe da faifai.

Matar Fasto ce ta naɗe gawar a zane tun a cikin ɗaki, ta ɗaure tam, ta miƙa wa Nababa hannu da hannu, don ba a san iyakar abin da tsohuwar za ta iya ba. Aka binne shi a bayan gida, cikin ƙasa mai laushi, kusa da 'yan'uwansa biyu. Hafsatu ta wanke hannu, ta zo ta durƙusa gaban Delu.

"Na yi iyakar yina, Yaya. Cibiyar ce, kamar yadda kika ce. Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne."

"Na ji ki," in ji Delu. "Ko ni ce, iyakar abin da zan yi ke nan."

Da rafi ya janye, masu gaisuwa suka cika zaure. Fada Ejike ya zo, Fasto Sama'ilu ya matsa masa wuri a kan tabarmarsa. Delu tana daga ciki, jikin bango, tana jin su. Fasto ya ce jariri bai san dama da hagu ba, ba shi da laifin kansa, yana wurin Ubangiji, ba ya buƙatar ruwan kowa. Fada ya ce haka ne, jinƙan Allah ba a ɗaure yake da ƙoƙo ba, su ma yanzu ba sa tsorata iyaye da irin wannan magana, an daɗe da barinta. Fasto ya ce madalla. Fada ya ce madalla. Jama'a suka ce amin. Tun da aka kafa coci biyun nan ba a taɓa jin shugabanninsu sun yarda da juna a kan baftisma ba sai ranar, kuma abin da suka yarda a kai shi ne tsohuwar ta wahalar da kanta a banza.

Delu ta yi ta mamakin yaushe aka bar maganar. Ko Baturen ya yi ƙarya ne, ko kuwa an sake shawara a can sama, aka manta ba a aiko Shanono ba. In gaskiyarsu ce, to madalla, ita ma tana so ya zama gaskiyarsu ce. Amma ta riga ta ji mutanen nan biyu suna cewa amin.

Da la'asar matar Fasto ta leƙo ɗakinta, fuska a sake.

"Mama, Fasto ya ce a gaya miki wankan jego ba ya cikin horo. Kina iya yi wa Rifkatu. Ai babu wata matsala yanzu."

"Babu," in ji Delu.

Mai jego jego take, ko da ɗa ko babu. Jiki bai san an binne ba. Da gari ya waye Delu ta ɗora babbar tukunya, ta karyo ganyen darbejiya. Nababa ya kawo itace ya ajiye a gefenta, ya tsaya kamar mai jiran a ce masa wani abu. Ta ɗauki itacen ta tura a wuta. Da ya gaji da tsayuwa ya tafi gona.

A bayan ɗaki, cikin zana, Rifkatu ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, nononta ya cika yana ɗiga. Delu ta tsoma ganyen cikin tafasasshen ruwa ta fyaɗa mata a ciki. Rifkatu ta cije leɓe. Tururi ya rufe su.

"Inna."

"Na'am."

"Da kin shiga, da ya rayu?"

"A'a."

A cocin Fasto aka haifi Rifkatu, a rafi aka nutsar da ita, ba ta taɓa jin labarin akuyar da ba a tsaga wa kunne ba.

"To me ya sa kika yi ta roƙo haka?"

Delu ta sake tsoma ganyen. "Waɗancan biyun suna tare. Shi ne ban san wanda zai fito ya ce nasa ne ba."

"Fasto ya ce yana wurin Ubangiji. Fada ma ya ce."

"Na ji su."

Ta fyaɗa mata a kafaɗa, ta dama, ta hagu. Rifkatu ta sunkuyar da kai, ruwa na bin wuyanta.

"Da wa ya yi kama, Inna? Ba su bar ni na gani ba."

"Sai ki tambayi Hafsatu," in ji Delu. "Ni ban gan shi ba. Juya bayanki, ruwan na hucewa."